Yadda Sabon Lauya Zai Tsira da Hankalinsa a Kotunan Kano

A makarantar lauyoyi ta Bagauda an koya maka yadda ake tsara takardar ƙara, da yadda ake miƙewa a gaban alƙali, har da irin takalmin da ya halatta ka shiga kotu da shi. Babu malamin da ya gaya maka abin da za ka yi ranar da waya ta tashe ka ƙarfe ɗayan dare, ka ɗauka ka ji gwaggonka ce, an kama ɗan maƙwabciyarta, kuma ta riga ta shaida musu kana hanya. A kan wannan ɓangare na aikin nake so mu yi magana, ƙanina. A iya abin da na gani a kotunan garin nan, karatun doka bai cika kwantar da lauya ba. Jira ne yake kwantar da shi, da maganar kuɗi, da kuma ɗaukar damuwar mutane ya mai da ita tasa. Duk abin da zan faɗa a nan wuri ɗaya ya dosa: ka iya raba shari'ar da aka ba ka amana da rayuwarka.

Zaman benci

Rabin aikin nan zama ne. A ƙa'ida kotu ƙarfe tara take zama, kai kuma wajibi ne ka riga alƙali shiga. Idan ya zauna ma ba da kai za a fara ba. Masu lambar SAN, wato lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya, wadda aka fara bayarwa a 1975, a layin gaba suke zama, kuma suna da damar a kira shari'arsu kafin ta kowa. Bayansu sauran manya sukan nemi a duba tasu, girman kuma da shekarar da aka rantsar da mutum ake auna shi, ba da furfura ba. Kai da aka rantsar bara kana iya kaiwa azahar a zaune, sannan ka miƙe na minti biyu ka ce ranar da aka ɗage shari'ar ta yi maka.

Kada ka shiga kotu da fayil ɗaya. Ka riƙo na gobe ka riƙa dubawa, ko kuma ka ajiye waya ka saurari yadda tsofaffin hannu suke yi wa shaida tambayoyi. Wannan makaranta ce da ba a biyan kuɗinta, kuma a nan za ka gane halin kowane alƙali: wanda ba ya son dogon bayani, da wanda idan ka ambaci hukuncin Kotun Ƙoli sai ka miƙa masa kwafinsa a hannu.

Ka san magatakardan kotu da sunansa, ka san masinjan da ke kai sammaci. Ba cin hanci nake nufi ba, gaisuwa nake nufi, irin wadda ake tambayar iyali da jikin tsohuwa. Mutumin da kake gaisarwa haka shi ne zai ɗaga wayarka da yamma ya ce, "Barista, kada ka wahalar da kanka, mai shari'a ya tafi taro Abuja." Kiran nan kaɗai yana iya hana ka taso da dattijo daga Rano ko Gwarzo da asuba a banza. Kwana ɗaya kafin zama kuma ka leƙa da kanka ka tabbatar shaidar isar da sammaci tana cikin fayil ɗin kotu. Idan babu ita, duk shirin da ka kwana kana yi ya tashi aiki, domin alƙali ba zai saurari ƙara a kan wanda ba a sanar da shi ba.

Mai shari'arka, wato wanda kake tsaya wa, shi ma sai ka shirya shi tun ranar farko. Ka zaunar da shi ka ce masa za a ɗage, za a sake ɗagewa. Akwai dogon hutun kotuna da ke cinye watan Agusta ya shiga Satumba. Alƙali yana iya tafiya aikin kotun zaɓe na watanni. Ana iya yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, shari'ar da ta yi nisa ta koma farko a gaban wani. A watan Afrilun 2021 ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta rufe kotunan ƙasar nan baki ɗaya, ba a buɗe ba sai cikin Yuni. Wanda ka gaya wa wannan tun farko, idan abin ya faru zai ce ai Barista ya faɗa. Wanda ba ka gaya wa ba zai ce an saye ka.

Wa'adi kuwa ba ya jira

Abin mamakin aikin shi ne, kotu tana iya sa ka jira shekara, amma kai idan ka makara da kwana ɗaya sai ka yi roƙo. Ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan hukunci ne na tsakiyar shari'a. A shari'ar laifi kwana 90 ne. Waɗannan ana iya neman ƙarin lokaci idan akwai dalili mai ƙarfi. Ƙarar zaɓe kuwa kwana 21 ne daga ranar da aka bayyana sakamako, sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya yanke, kuma babu alƙalin da zai ƙara maka awa guda. Ranar da aka yanke hukunci, kafin ka bar harabar kotu, ka lissafa ranar ƙarshe ka rubuta ta a littafinka da jan biro, sannan ka ja ta baya da mako guda ka ɗauki wannan a matsayin ta gaskiya. Ka rubuta a takarda, ka kuma sa a waya. Waya tana faɗuwa a adaidaita sahu.

Akwai ƙananan abubuwa da suke rusa babban aiki. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, ba da sunan lauyan da ke cikin rajista ba, ba takarda ba ce. Shari'o'i da dama sun mutu a kan wannan. Don haka sunanka za ka rubuta, ka manna hatiminka na ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa (NBA), ka kuma biya kuɗin izinin aikin lauya na shekara kafin 31 ga Maris. Idan hujjarka saƙon WhatsApp ne ko bayanin asusun banki da aka fitar daga kwamfuta, ka tuna da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 da takardar tabbacin da yake buƙata. Abokin karawarka yana zaune yana jiran ka manta.

Maganar kuɗi

A nan zan daɗe, domin a nan ne yawancinmu muke jin kunya, kunyar kuma ita take zama ciwon ciki daga baya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a buɗe baki a yi wa babba ciniki. Sai dattijo sa'an mahaifinka ya zauna a gabanka ya kwashe awa biyu yana ba ka labarin gonarsa, ya ƙare da "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya miƙe. Addu'ar muna so, amma mai gidan da kake hayar ofis ba ya karɓarta a madadin kuɗin haya.

Ka yi maganar kuɗi a zama na farko, bayan ka gama sauraro, kafin ka buɗe fayil. Ka faɗa da ladabi amma a fili: "Baba, aikin nan kaza ne, za a ba da kaza yanzu, sauran idan an fara sauraron shaidu." Ka rubuta, ku sa hannu ku biyu. Ka ware ladan aikinka daban, kuɗin da kotu ke karɓa na shigar da takardu daban, na motar masinja daban, ka ba da rasit a kan kowanne. Idan ka cakuɗa su, wata rana za ka tarar kana biyan kuɗin shari'ar wani daga aljihunka, shi kuma yana ba da labari a majalisa cewa ya biya lauya tun bara. Tun 2023 akwai ƙa'idar da ta tsara mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan ayyuka daban-daban. Ka samu kwafinta ka ajiye a kan tebur. Tana taimakawa idan bakinka ya yi nauyi, sai ka nuna ka ce ba kai ka yanke ba.

Za a biya ka da abubuwan da ba ka zata ba. An taɓa ɗaure min rago a ƙofar ofis, na fito na tarar yana cin fulawar maƙwabta. An kawo min ƙwan zabi a cikin kwano, an kawo buhun gero. Irin wannan kyauta ce, ka karɓa ka yi godiya, amma ka faɗa a wurin cewa kyauta ce, ba ta shiga lissafi. Wadda za ka yi hattara da ita ita ce, "Barista, idan muka ci, fuloti biyu naka ne a ciki." Daga ranar da ka sa rai a filin da ake rigima a kansa, ka daina zama lauya ka zama ɗaya daga masu rigimar, kuma ba za ka iya ba shi shawarar sulhu da zuciya ɗaya ba.

Kuɗin mutane da suka biyo ta hannunka, na diyya ne ko na cinikin gida ko na magada, asusunsu daban. Kada su kwana a asusunka ko da niyyarka ka mayar ranar Litinin. Kwamitin ladabtar da lauyoyi ya soke sunayen mutane daga rajista a kan wannan, kuma yawancinsu ba da niyyar sata suka fara ba, da "bari in ara" suka fara.

Sai tambayar da za a yi maka da murya ƙasa-ƙasa, bayan an waiga an ga babu kowa: "To, shi mai shari'a nawa za a kai masa?" Kada ka yi dariya ka bar maganar a buɗe. Ka ce ba ka yi, kuma duk wanda ya zo ya ce zai kai wa alƙali saƙo, aljihunsa zai kai. Akwai masu yawo a harabar kotuna da wannan sana'ar: su karɓa da sunan alƙalin da bai san suna yi ba, idan an ci su ce aikinsu ne, idan an faɗi su ce ɗaya ɓangaren ya fi bayarwa. Idan mutumin ya nace, ka miƙa masa fayil ɗinsa.

'Yan uwa kuma fa? Ba za ka iya cajin ƙanin mahaifiyarka ba, kowa ya san haka. Abin da za ka iya shi ne ka yanke wa kanka adadin shari'un da za ka yi saboda Allah a lokaci guda, idan gurbin ya cika ya cika. Sauran ka nuna musu hanyar Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA idan maganar mace ce ko yaro. Rigimar cikin danginku kuwa, musamman ta gado, ka haɗa su da wani abokin aikinka ka koma gefe. Duk ɓangaren da ka tsaya wa, da ɗayan za ku haɗu a wurin suna.

Yadda ake sauraron mai ƙara

Bahaushe ba ya fara labari daga tsakiya. Ka tambaye shi yaushe aka shiga gonar, zai fara daga zamanin da kakansa ya sare dajin. Ka bar shi. A cikin wannan doguwar hanyar ne zai ambaci abin da shi bai ɗauka da muhimmanci ba, alhali a kansa shari'ar take, misali cewa an taɓa zama a gaban dagaci an rubuta takarda. Idan ya gama, ka yi masa tambayar da na fi amfana da ita: "Idan da abokin rigimarka ne a zaune a nan, me zai ce min?" A nan rabin labarin da aka ɓoye yake fitowa. Ka tabbatar masa cewa abin da ya faɗa maka sirri ne da doka ta kare, ba ka da ikon fitar da shi. Gara ka ji mummunan labari a ofis da ka ji shi daga bakin lauyan ɗaya ɓangaren, kana tsaye, alƙali yana kallonka.

Ka ce ya kawo duk takardun da ke cikin ledar, har da waɗanda yake ganin ba su da amfani. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu, rasit ɗin da ya yi baƙi, hoton biki da aka ɗauka a ƙofar gidan. Ka yi kwafi ka mayar masa da na asali, sai ranar da kotu ta buƙata.

Za ka ga abubuwa. Wani zai miƙo maka ƙullin turare ya ce ka shafa a baƙar rigarka ranar zama. Wani zai tambaye ka sunan mahaifiyar alƙali, wai malaminsa ne yake nema. Na taɓa samun wanda ya roƙe ni in nemi a ɗage zama saboda an duba masa an ce Talata ba ranarsa ba ce. Kada ka yi masa dariya, tsoro ne ya kawo shi nan, kuma mutumin da ka wulakanta ba zai ƙara gaya maka gaskiya ba. Kada kuma ka biye masa. Ni abin da nake cewa shi ne, "Alhaji, ka dage da addu'a, ni kuma ka taimake ni da shaidun nan biyu su zo da wuri."

Shaidun ka zauna da su kafin ranar. Ba ƙarya za ka koya musu ba, wannan laifi ne da zai iya cin rigarka. Za ka nuna musu inda za su tsaya, ka gaya musu lauyan can zai yi ƙoƙarin fusata su, su amsa abin da aka tambaya kawai, abin da ba su sani ba su ce ba su sani ba. Mutumin ƙauye da bai taɓa shiga kotu ba yana iya amsa "haka ne" ga duk abin da mai baƙar riga ya faɗa, don girmamawa kawai. A Babbar Kotu da Turanci ake rubuta bayani, saboda haka ka kasa kunne ga tafinta. Idan ya kauce, ka miƙe nan take ka ja hankalin kotu cikin ladabi. Abin da ya shiga littafin alƙali shi Kotun Ɗaukaka Ƙara za ta karanta, ba abin da shaida ya nufa ba.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa sababbi: ka gargaɗi mai shari'arka cewa zai gan ka kana gaisawa da lauyan abokin rigimarsa, har ku yi dariya, watakila ku ci abinci tare. Ka bayyana masa cewa ajinku ɗaya a jami'a, kuma gobe kuna iya zama ɓangare guda a wata shari'ar. In ba haka ba, daga nesa zai hango ku, ya koma gida bai yi barci ba, kai ma ya hana ka.

Kotun shari'ar Musulunci

Nan wata duniya ce, kuma sabon lauya da ya shiga da taƙamar Turanci yakan fito a sanyaye. Da Hausa ake yi, da fiƙihun Malikiyya ake hukunci, kuma alƙali yana magana da masu shari'a kai tsaye. "Allah ya gafarta Malam" za ka ce, ka rage murya. Ka san cewa hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa, kuma gane wane ne mai da'awar a cikin su biyun shi ne rabin shari'ar, domin ba kullum wanda ya kawo ƙara ne ba. Ka san sharuɗɗan shaida da yadda ake sukarsa. Ka san hukuncin hauzi, wato wanda ya daɗe yana riƙe da wuri a gaban idon mai da'awa shi kuma bai yi magana ba. Ka lura ko an yi i'izari kafin hukunci, wato an tambayi ɓangaren da hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana, domin rashinsa kaɗai yana rusa hukunci idan an ɗaukaka ƙara. Idan ba ka yi karatun nan a jami'a ba, ka nemi malamin zaure ka durƙusa ka koya. Babu kunya a ciki.

Shari'un da suka fi cin rai a nan suke: khul'i, riƙon yara, ciyarwa, gado. Za ka ga 'yan uwa ciki ɗaya sun zauna a benci guda ba sa kallon juna saboda shago ɗaya. Kafin ka zuga kowa, ka lissafa masa abin da zai kashe da shekarun da zai yi, ka kwatanta da rabon da yake nema. Sau da yawa idan ya ga lissafin da kansa zai tambaye ka hanyar sulhu. Ka san wane dattijo ne a dangin ake jin maganarsa, ka san zauren sulhu da ke ƙarƙashin Babbar Kotun jiha. Kuɗinka zai ragu, gaskiya ne. Amma mutanen da ka sasanta su ne suke turo maka wasu.

Kiran dare

Mu koma kan wayar nan. Yawancin kiran dare suna iya kaiwa safe, aikinka shi ne ka tantance wanda ba zai kai ba. Ka tambaya: a wane caji ofis yake, me ake zarginsa da shi, yana da rauni ko ciwon da yake shan magani? Idan babu rauni babu ciwo, ka ce a kai masa abinci, a gaya masa kada ya sa hannu a kan komai sai ka zo, ka kwanta. Beli ba ya yiwuwa ƙarfe biyun dare idan jami'in da zai sa hannu yana gidansa.

Da safe ka je cikin shiga ta mutunci da katin shaidarka. Ka yi sallama, ka gaisa da na kan kanta, ka nemi ɗan sandan da ke binciken. Kada ka shiga da ɗaga murya kana jero sassan doka. Kai za ka tafi gida, wanda ka zo dominsa shi zai kwana a wurin. Ka riƙe dokar a kanka, ka fito da ita a hankali idan an buƙata. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma ce mace tana iya tsayawa beli. Kano ta yi tata dokar a 2019, ka karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, idan a wata jiha kake ka nemi tasu.

Duk yadda aka roƙe ka, kada ka tsaya wa wanda kake karewa beli da kanka. Ƙa'idojin aikinmu sun hana, hankali ma ya hana. Ranar da ya gudu, kai za a nema.

Ka ware layin waya na aiki, ka sanar da lokacin da kake kashe shi. Da farko za a ce ka fara girman kai. Bayan wata biyu kowa zai saba.

Abin da kake komawa gida da shi

Za a tambaye ka a wurin ɗaurin aure, ko bayan an idar da salla, yadda kake iya kare wanda ake zargi da kisa. Amsata gajeriya ce: zargi ba hukunci ba ne, sashe na 36 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma Musulunci ma bai yarda a hukunta mutum ba tare da hujja ba. Ba aikina ba ne in ce bai yi ba idan ya gaya min ya yi. Aikina in tabbatar an bi hanya. Ka faɗi haka ka canja zance, ba kowa za ka gamsar ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne ziyarar gidan yari. Ka je Kurmawa ko Goron Dutse wurin mutum ɗaya, wasu su leƙo suna "Barista, don Allah ka duba tawa," da yawansu jiran shari'a suke ba hukunci aka yanke musu ba. Ba za ka iya ɗaukar su duka ba. Ka rubuta sunan wanda za ka iya, ka miƙa sauran ga masu agajin shari'a, kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba don kawai ka samu hanyar fita.

Za ka faɗi shari'ar da ka tabbata taka ce, shi ya sa ake cewa shari'a saɓanin hankali. Don haka kalmar "za mu ci" kada ta taɓa fita daga bakinka, ka ce "muna da hujja mai kyau." Idan an faɗi, kai za ka gaya masa, a ranar, ido da ido, kafin ya ji a bakin abokin rigimarsa. Ka nemi kwafin hukuncin, ka karanta shi bayan kwana biyu idan zuciya ta huce, sannan ka ba shi shawara ta gaskiya a kan ɗaukaka ƙara. Wani hukuncin daidai ne ko da bai yi maka daɗi ba.

Jikinka ma yana da haƙƙi. Baƙar kwat da riga da hular gashin doki an yi su ne don sanyin Ingila, mu kuma muna sa su a zafin Afrilu, wani lokacin da azumi a baki kuma babu wuta. Ka karya kumallo kafin ka fita, ka ajiye ruwa a mota, ka cire hular da zarar ka fito. Ka riƙa auna jininka ko ba ka jin komai. Idan hutun Agusta ya zo ka huta da gaske, akwai alƙalin hutu don abin gaggawa, sauran su jira.

Ke kuma ƙanwata, naki da ƙari. Za a shigo ofis a same ki a kan kujera a ce, "Ina Baristan yake?" Ki ce ga ta, ki ci gaba da tambayoyinki, kafin a tashi zai gane. Maganar hijabi kuwa an wuce wurin: a Disambar 2017 aka hana Amasa Firdaus shiga zauren rantsarwa saboda shi, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da abinta.

Akwai kuma ranar da za ka ga dole ka rabu da mai shari'arka: ya nace sai ka gabatar da takardar da ka san ta jabu ce, ko ya daina biya ya daina ɗaga waya, ko yana zaginka a gaban ma'aikatanka. Kada ka ɓace kawai ka daina zuwa kotu, sunanka yana cikin fayil kuma kai alƙali zai tambaya. Ka rubuta masa wasiƙa ka ba shi lokacin da zai nemi wani lauya, ka sanar da kotu a hukumance cewa ka janye, ba tare da ka tona dalilin da zai cutar da shi ba. Ka jera takardunsa ɗaya bayan ɗaya a rubuce, ya duba ya sa hannu cewa ya karɓa, kai kuma ka ajiye kwafin wannan takardar a inda ba za ta ɓata ba, domin bayan shekara uku yana iya dawowa ya ce takardar filinsa tana wurinka.